Surukina ya yi wa motata dariya, in sayar da ita?

Assalamu alaikum Kawu. Ni haifaffen Makka ne, shekaruna 29, ina aiki a wani kamfanin dakon kaya a Jidda, kullum sai na je na dawo. Shekara biyu da suka wuce na ciri Geely Emgrand sabuwa dal da taƙsiɗ, ina biyan riyal 950 duk wata har shekara biyar, da kuma riyal 12,000 da zan biya a dunƙule daga ƙarshe. Ta yi kilomita 80,000, ba ta taɓa kwanar da ni a hanya ba. An sa mini rana bayan babbar Salla. Ranar wata Juma'a na je gaida mahaifin yarinyar, yana zaune da abokansa, sai ya leƙa ya ga motar ya ce, “Ta Chaina ce ko? Araha ba ta ado. Nan da shekara uku za ka koma sayyada.” Aka kwashe da dariya. Tun ranar ba na iya fakawa a ƙofar gidansu, sai in bar ta a bayan layi in ƙarasa da ƙafa. Yanzu wan yarinyar ya samo mini wata babbar motar Jafan ta hannu, shekararta tara, ta ci kilomita 270,000, a kan riyal 38,000. 'Yan ma'arad (dillalan mota) sun taya tawa 30,000. Ina da 35,000 da na tara don aure. Kawu, in sayar in huta da gori?

Ɗanka daga Makka

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana.

Kada ka sayar. Na fara da wannan ne don kada ka yi ta karatu zuciyarka na rawa. Amma kafin in shiga lissafi, bari in tsaya a kan wurin da wasiƙarka ta fi taɓa ni, inda ka ce kana ajiye motar a bayan layi ka ƙarasa da ƙafa. Na hango ka cikin zafin la'asar na Makka, ka sa farar tobe ka fesa turare, kana waiwaye kada wani ɗan gidan ya ga inda ka fito. Motar da ka saya da guminka, ba ka ci haƙƙin kowa ba, ita ke kai ka neman halal kilomita kusan 160 kowace rana. Abin da aka yi maka a gaban mutane da ciwo, ba zan ce maka babu ba. Sai dai maganin da kake shirin sha ya fi cutar illa.

Mu ɗauki alƙalumanka, ban ƙara ko ɗaya daga wajena ba. Saura wata 36 a kanka. Riyal 950 sau 36 ya kama 34,200, ka haɗa da 12,000 na ƙarshe, ya zama 46,200. Idan yarjejeniyarka irin ta haya ce mai ƙarewa da mallaka, wadda yawancin masu taƙsiɗ ke yi a nan, to motar ma ba da sunanka take ba tukuna, ɗauko istimara, wato takardar rajistar motar, ka duba, sunan kamfanin da ya ba ka bashin za ka gani a wajen mai mota. Ba ka da ikon sayar da ita sai ka biya su, ko su yarda a mayar da yarjejeniyar kan wani. Gaskiya ne in ka biya da wuri za su zubar da wani ɓangare na ribar da lokacinta bai yi ba, don haka kuɗin zai sauko ƙasa da 46,200. A ce ya sauko zuwa 40,000. An taya motar 30,000, ke nan sai ka ciro 10,000 daga kuɗin aure kafin ka rabu da ita, ka tsaya hannu rabbana babu mota. Saura 25,000 a aljihunka, waccan kuma 38,000 ake nema. Ina za ka samo 13,000? Bashi. Ga kuɗin canjin suna, ga inshora sabuwa. Ranar ɗaurin aure ta zo, babu sadaki, babu kuɗin hayar gida, sai tsohuwar mota mai suna a ƙofa. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Ka je kamfanin ka ce su ba ka adadin biyan gaba ɗaya a rubuce, ka ajiye takardar, duk ranar da zuciya ta sake raya maka sayarwa ka buɗe ka kalla.

Akwai wani abu da 'yan ma'arad ba za su gaya maka ba. Faɗuwar darajar mota ba asara ba ce a aljihunka sai ranar da ka sayar. Kuma kowace mota sabuwa a shekarunta biyu zuwa uku na farko take fi saurin zubar da kuɗinta. Kai ka riga ka sha wannan ɗacin. In ka sayar yau, wanda ya saya shi zai more shekarun da suka rage mata masu arha, kai ka biya masa kuɗin shiga. Kilomita 80,000 a shekara biyu ma ko a jikin wace mota suke sai sun karya mata farashi.

Yanzu ga inda surukinka yake da gaskiya, domin ba zan yi maka daɗin baki ba. Motocin Chaina a kasuwar Saudiyya sun fi na Jafan saurin faɗuwa in an zo sayarwa, buɗe Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, ka gwada farashin masu shekaru ɗaya za ka gani da idonka. Kuma kukan da masu su suka fi yi, ko wace iri ce, shi ne jiran kayan gyara bayan hatsari: fitila, bamba, murfin gaba, na'urorin lantarki. Mai Corolla ko Hilux in ya shiga sina'iyya, unguwar makanikai, kowane shago na da kayansa, na asali da na kwaikwayo, in ma bai samu ba ya nufi tashlih, inda ake fasa motocin da suka mutu, ya ciro na hannu. Wannan ba sihiri ba ne, daɗewa ce. Tun 1955 Abdul Latif Jameel ya fara shigo da Toyota ƙasar nan, da motoci huɗu kacal. Shekara saba'in ke nan makanikai na koyon cikinta, 'ya'ya na gado daga iyaye. Dattijon da ya rayu a wannan zamani in ya ce maka Toyota ce mota, abin da idonsa ya gani yake faɗa.

Sai dai abin da yake kira “ta Chaina” ya tsaya ne a hoton shekara ashirin baya, kuma a lokacin yana da hujja. Mai kamfanin motarka, Li Shufu, ɗan manomi ne daga Taizhou a lardin Zhejiang, an haife shi a 1963. Da ɗaukar hoto ya fara neman kuɗi, a 1986 ya koma ƙera kayan firji, daga baya ya shiga babura. Motarsa ta farko, Haoqing, ta fito ne ranar 8 ga Agusta 1998 a garin Linhai, kuma kusan kwaikwayon wata ƙaramar Daihatsu ce. Ko cikakken lasisin ƙera mota gwamnatinsu ba ta ba shi ba sai 2001. Toyota ma ta taɓa maka shi a kotu kan cewa tambarinsa ya yi kama da nata, kotun Beijing ta kori ƙarar a 2003. Ingancin motocin farkon nan ba abin yabo ba ne. A 2010 da aka yi wa samfurinsu CK gwajin karo a Latin Amurka, ko tauraro ɗaya ba ta samu ba. Duk wanda ya san waɗannan motoci ya raina su, bai yi zalunci ba.

A wannan shekarar dai, 2010, mutumin da ake wa dariya ya sayi Volvo ta Suwidin daga hannun Ford, cinikin da aka sanar a kan dala biliyan 1.8. Volvo kuwa ita ce kamfanin da ya fito da bel ɗin kujera mai maƙala uku a 1959, wanda kai da ni muke ɗaurawa yau. Mutane da yawa sun ce zai kashe ta. Bai kashe ta ba, ya bar injiniyoyinta a Gothenburg suna aikinsu, ya zuba kuɗi, ya tura nasa yaran su koya. A 2011 Emgrand EC7, kakar motar da kake hawa, ta samu taurari huɗu a gwajin karo na Turai. A 2017 ya sayi kashi 49.9 cikin ɗari na Proton ta Maleshiya da kashi 51 na Lotus ta Ingila, a 2018 kuma ya sayi kusan kashi goma na Daimler, masu Marsandi. Baƙar tasin nan ta Landan ma kamfaninsa ke ƙera ta. Ban kawo maka wannan don ka ɗauka Volvo kake hawa ba. Emgrand ƙaramar mota ce mai sauƙin kuɗi, an yi ta ne don mai albashi irinka, robar cikinta ta masu araha ce, ƙarfin injinta daidai talaka. Abin da nake so ka gane shi ne kamfanin da ya yi ta ba na ƙarƙashin bishiya ba ne, kuma ba zai watse gobe ya bar ka da ƙarfe ba.

Ni wannan gorin na san shi, domin an yi mini irinsa a kan motar Koriya. Lokacin da na sayi Hyundai Accent, abokaina a Jidda cewa suke gwangwanin madara na saya. Su ma suna da abin kafa hujja. Hyundai ta kafa kamfanin mota a 1967, ta fara da harhaɗa Cortina ta Ford a 1968. Motarta ta kanta, Pony, ta fito a 1975 da injin Mitsubishi. A 1986 ta shiga Amurka da Excel a kan dala 4,995, aka yi rububinta saboda arha, daga baya aka mayar da ita abin barkwanci saboda yawan lalacewa. Sai da kamfanin ya gyara aikinsa, ya kuma fito da garantin inji da giya na shekara goma a can, kafin mutane suka dawo. Wanda ya kafa kamfanin, marigayi Chung Ju-yung, shi ma ɗan manomi ne, da kuɗin saniyar mahaifinsa ya gudu zuwa birnin Seoul, kuma kamfaninsa na gine-gine ne ya karɓi kwangilar tashar jiragen ruwa ta Jubail a 1976. Yau tsaya a kowace danja a Shara Sittin, babban titin nan na Jidda, ka ƙirga Accent da Elantra. A 2023 ma asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya ƙulla yarjejeniya da su za a kafa masana'anta a Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah, arewa da Jidda, mai fitar da motoci 50,000 a shekara. Tawa shekara goma sha ɗaya na yi da ita. A cikinta na kai uwargida asibiti haihuwar 'ya'yanmu biyu, a cikinta muka yi ta zuwa Madina ziyara. Waɗanda suka yi mini dariya, biyu daga cikinsu daga baya irinta suka saya wa 'ya'yansu.

Ita kuma waccan ta hannun da ake kwaɗaita maka, na ɗanɗana irinta, shi ya sa gabana ya faɗi da na ga 270,000. Kafin Accent ɗin nan, wata babbar mota mai suna na saya a hannun wani mutum, tana sheƙi, agogonta na nuna tafiya kaɗan. Wata na uku, muna hawan dutsen Hada za mu Ɗa'if da iyali, sai na ga allurar zafi tana hawa, na ji wani ƙauri mai zaƙi-zaƙi yana shigowa ta wajen esi. Na samu gefe na tsaya, hayaƙi fari ya turnuƙe daga gaba, birai na zaune kan duwatsu suna kallonmu, yara na kuka. Da makanike ya buɗe, ya nuna mini baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga inji. Ya shafa fedar birki da ta suɗe har ƙarfe ya fito, ya ce mini, “Alhaji, wannan ƙafa ta taka ta fiye da abin da agogo ke faɗa.” An juya agogon ne. Abin da na kashe a gyara ya kusa rabin kuɗin motar. Sunan kamfani mai kyau ba ya mayar da tsohuwa yarinya. Mota mai kilomita 270,000 a zafin ƙasar nan, ko da mai ita mutumin kirki ne, lokacin kwampiresan esi ya yi, da lagireto, da shokozoba, wataƙila har da giya. Kai kuma kana ƙara mata 40,000 duk shekara. Ga mai: ko da lita biyu kawai ta fi taka sha a kowane kilomita ɗari, lita 800 ke nan a shekara, a farashin riyal 2.18 na fetur 91 ya haura riyal 1,700. Guntun gatarinka, wanda ka san tarihinsa tun daga kilomita na farko, ya fi maka.

To in za ka riƙe ta, riƙe ta da kyau, domin annabcin “shekara uku” sakaci ne kaɗai zai tabbatar da shi. Buɗe littafin garantinka yau ka duba iyakar kilomita, don masu doguwar hanya irinka kilomita ke cinye musu garanti kafin shekaru. Kafin ya ƙare, kai ta wakala, wato wurin wakilin kamfanin motar, su duba duk wani ƙaramin ƙara ko fitilar gargaɗi, a rubuta a takarda. Baƙin mai da matatarsa a kan lokaci, kuma ka bi jadawalin da littafin ya ware wa yanayi mai tsanani, don zafi da ƙurar hanyar Makka zuwa Jidda shi ne yanayi mai tsananin da suke nufi. Man giya kada ka yarda da mai ce maka ba a canja shi har abada, duba abin da littafin ya ce, kuma kada a zuba mata wani iri ban da wanda aka rubuta. A lagireto ruwan sanyaya inji na gaske, ban da ruwan famfo. Ma'aikatar Kasuwanci ta bayyana cewa yin sabis a wajen wakala ba ya soke garanti muddin an bi ƙa'idar kamfanin, saboda haka ka adana kowane rasit a cikin jaka guda. Wannan jakar ce ma za ta ɗaga mata farashi ranar da sayarwa ta zama dole. In kuma Allah ya kawo tsautsayi aka ce ka jira kayan gyara, ka sani doka ta ɗora wa wakilin kowace mota samar da kayan da ba a cika nema ba cikin kwana 14, in ya saɓa kana da haƙƙin motar aro ko diyyar kowace rana. Lambar ƙorafin ma'aikatar 1900 ce. Sannan tun yanzu ka riƙa ware riyal 350 duk wata, kafin wata 36 su cika 12,000 ɗin nan na ƙarshe sun taru ba ka ji ba. Wannan dunƙulen shi ke kayar da yawancin masu taƙsiɗ, don sai ya iso suke tunawa da shi.

Saura dattijo. Ɗana, ka sake sauraron maganarsa. Bai ce motarka mummuna ba ce, cewa ya yi za ka koma tafiya a ƙasa. Uba ne zai miƙa 'yarsa, yana auna ko wanda zai karɓe ta ya san inda yake sa kuɗinsa. Ya faɗe ta a inda bai kamata ba, a gaban mutane, amma tsoron da ke ƙarƙashinta na uba ne. Ka yi tunanin ranar da zai ji cewa ka cinye kuɗin aure ka ƙara bashi saboda kalma ɗaya da ya yi a majalisa. Ranar ce zai tabbatar cewa iska kaɗan ke kaɗa ka, kuma gobe wani zai yi maka gorin gida ko na kujeru ka sake rushe lissafinka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yawan neman tsari daga bashi a cikin salla. Wanda ke kanka ya isa.

Kada ka je ka karanta masa tarihin Volvo, ba a cin suruki da gardama. Ka same shi shi kaɗai, bayan Magariba, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, “Baba, na ji maganarka a kan motar nan, na kuma yi lissafi. In na sayar yanzu zan taɓa kuɗin aure, shi ya sa na ga gara in lallaɓa ta har in gama biya. In lokacin canji ya yi, da shawararka zan saya.” Ka ba shi girmansa, ka kuma nuna masa kana da kai. Wan yarinyar ka yi masa godiya, ka ce ba yanzu ba, kada ka tsaya kushe motar da ya samo maka. Ita kuma wadda za ka aura, gaya mata komai da alƙalumansa, 950 ɗin da 12,000 ɗin. Da ita za a ci wannan tuwon, bai dace ta fara jin labarin bashin bayan ta tare ba. Zan yi mamaki in ta zaɓi tsohuwar mota a kan kuɗin hayar ɗakinta.

Juma'a mai zuwa ka wanke ta, ka goge gilashi, ka faka a ƙofar gidan daidai inda ya gan ta. In ka ji Baba na da niyyar ziyara Madina, ko yana son shan iskar Ɗa'if, ka ce kai za ka kai shi. Ka duba iskar taya da ruwan lagireto tun daren, ka sa masa kujerar gaba, ka kunna esi tun kafin ya fito, ka ajiye masa ruwan sanyi da dabino a kusa. Ka tuƙa a hankali, kada ka ce masa komai game da motar. In kun dawo ka rubuto mini yadda tafiyar ta kasance.

Allah ya sa albarka a auren, ya tsare hanya.

Kawunka a Jidda